Ginin da Ke Mayar da Ido Sama



A kudu maso gabashin ƙasar Maroko, cikin wani faffaɗan fili mai tsakuwa da ake kira Marha, ba nisa da garin Arfud, akwai hasumiyoyi bakwai na jar ƙasa a tsaye. Ba a gina su don kwana ba, babu kuma ladanin da ke hawansu. Wani mai fasaha Bajamushe, Hannsjörg Voth, shi ne ya tsara su, maginan yankin suka ɗaga su, aka kammala aikin a 2003. Ya jera su a ƙasa kamar yadda manyan taurari bakwai na Jauza'u suke jere a sama, ya raɗa wa wurin suna Birnin Oriyon, domin da wannan suna Turawa suka san ayarin taurarin.

Irin wannan aiki ya yawaita a duniya cikin shekaru hamsin ɗin nan. Masu fasaha sukan ɗauki rana ko wata ko taurari su yi musu gagarumin gini ko siffa a sarari, inda kowa zai iya zuwa ya gani. Wasu na yabawa, wasu na ganin ɓarnar dukiya ce. A nawa ganin, ma'auni ɗaya ya ishe mu mu rarrabe mai amfani daga maras amfani a cikinsu: shin wanda ya ziyarci wurin ya koma gida ya fi sanin samaniyar da ke bisa kansa, ko kuwa ginin kaɗai ya kalla ya juya? Ina kuma ganin mu Hausawa mazauna garuruwan Kamaru muna da dalilin kula da wannan batu fiye da yadda muke zato.

Mu fara da hasumiyoyin Marha. Filin da suka mamaye ya kai kamar mita 100 a tsawo da mita 40 a faɗi. Tsayinsu ya bambanta, daga mita 6 zuwa mita 15, domin an auna girman kowace da la'akari da hasken tauraron da take wakilta. Kowace tana da matakala da ake hawa, a sama kuma an bar tsagu a jikin bango waɗanda aka saita su da wasu taurari a wasu lokuta na shekara. An yi ginin ne bisa tsohuwar hanyar mutanen yankin, wato a zuba ƙasa mai danshi tsakanin alluna biyu a daɓe ta har ta kama, sannan a ɗaga allunan a ci gaba. Kafin wannan, mutumin ya gina wata matakala ita kaɗai a filin, mai hawa 52 da tsayin mita 16, wadda aka gama a 1987. Abin lura shi ne hasumiyoyin ba su cika aikinsu sai dare ya yi. Da rana ƙasa ce a tsaye. Da dare kuwa suna tilasta wa mai hawa ya ɗaga kai ya nemi tauraron da aka nufa.

Ɗalibin da ya yi karatun zaure, idan ya ji sunayen taurarin nan bakwai, zai ji kamar ya haɗu da 'yan garinsu a baƙuwar ƙasa. Shida daga cikinsu sunayen Larabci ne harshen Turawa ya lanƙwasa. Akwai Rijlu, wato ƙafa, da Saifu, wato takobi. Ukun nan da ke jere a tsakiya kamar ɗamara su ne Minɗaƙa da Nizamu da Niɗaƙu. Jan tauraron kafaɗa kuwa asalin sunansa Yadul Jauza'i, hannun Jauza'u, sai masu kwafar littattafai a Turai suka jirkita shi. Sa'an nan a daidai kan wannan ayari akwai wasu ƙananan taurari uku a cure, su ne Haƙ'a.

Duk wanda ya girma kusa da malamai masu lissafi ya san Haƙ'a. Ita ce farkon taurarin damina bakwai: Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan. Masaukan wata 28 ne, an raba su bakwai-bakwai ga lokutan shekara huɗu, kowane yana ɗaukar kwana 13, sai guda da ake ƙara wa kwana ɗaya domin lissafin ya cika 365. Da wannan lissafi manoman ƙasar Hausa, da na arewacinmu wajen Garwa da Marwa, suke sanin inda damina ta kai, kuma manoman Maroko ma suna da irinsa. Ashe kenan abin da Bajamushe ya tsallaka teku ya kashe shekaru yana ginawa a hamada, wani yanki ne na ilimin da ke cikin jakar kakanninmu. Tambayar da ta dace mu yi wa kanmu ita ce: cikin samarinmu goma, nawa ne za su iya nuna Haƙ'a da yatsa?

Akwai kuma wani salo na daban, wanda ya fi jan jama'a. A 2016 wani Bature ɗan Ingila, Luke Jerram, ya ƙera siffar wata mai faɗin mita 7, kamar ƙatuwar balan-balan, aka buga mata hotunan fuskar wata da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗauka, aka kunna fitila a cikinta. Kowane santimita ɗaya a jikinta yana daidai da kilomita 5 a kan wata na gaskiya. An zaga da ita ƙasashe da dama, ana rataye ta a majami'u da dandaloli da wuraren bukukuwa. Kafin wannan, a 2003, wani mai fasaha mai suna Olafur Eliasson ya kafa rana ta ƙirƙira a cikin wani makeken zaure na gidan adana zane na Tate Modern da ke Landan. Rabin da'ira ya yi da ɗaruruwan fitilu masu rawayan haske, ya shimfiɗa madubi a rufi don ya cike sauran rabin, ya saki hazo a zauren. Kimanin mutum miliyan biyu ne suka je kallo, da yawansu suna kwanciya a ƙasa suna duban sama.

Ba na raina waɗannan ayyuka. Yaron da ya tsaya ƙarƙashin wancan wata zai ga ramuka da duwatsun da idonsa bai taɓa kaiwa gare su ba, kuma gani ya kori ji. Sai dai cincirindon da ake yi a kansu alama ce ta wani rashi. Binciken da aka wallafa a 2016 kan hasken fitilun birane ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya hango farar hanyar taurarin nan da ke ratsa sama, wadda Larabawa ke kira Majarra. Mutumin da hasken lantarki ya shafe masa taurari, dole ya yi layi don ya ga kwaikwayonsu. To, idan ya fito daga zauren ya koma cikin wayarsa, bai san daren nawa ga wata ba, bai san ta ina watan zai fito gobe ba, me ya ƙaru da shi ban da hoton da ya ɗauka? Kwaikwayon ya zauna a gurbin abin da ake kwaikwaya, alhali kuwa kamata ya yi ya zama ɗan jagora zuwa gare shi.

Shi ya sa na fi karkata ga aikin wata Ba'amurkiya, Nancy Holt, wadda ta rasu a 2014. A hamadar jihar Yuta ta ajiye manyan bututun kankare guda huɗu irin na kwalbati, kowane tsawonsa ya haura mita 5, mutum na iya tafiya a cikinsa a tsaye. Ta gama aikin a 1976. Ta saita su ta yadda a ranar da yini ya fi tsawo, wajen 21 ga Yuni, da ranar da ya fi gajarta, wajen 21 ga Disamba, rana za ta fito kuma ta faɗi daidai tsakiyar bakinsu. Ta kuma huda ramuka a jikinsu bisa tsarin wasu ayarorin taurari huɗu. Bututun kankare ba abin sha'awa ba ne a kan kansa. Amma wanda ya leƙa ta cikinsa sau biyu a shekara zai fahimci abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba, cewa rana ba ta fitowa daga wuri ɗaya: tana matsawa arewa tsawon wata shida, ta dawo kudu tsawon wata shida.

Wannan haɗa ƙawa da amfani ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. A manyan masallatai na da akwai ma'aikaci da ake kira muwaƙƙit, wanda aikinsa shi ne tantance lokutan salla ta hanyar inuwa da taurari. Ɗaya daga cikinsu, Ibnus Shaɗir na Masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, ya zana agogon inuwa a kan marmara wajen shekarar 1371, mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, aka ɗora shi a jikin hasumiya. A Samarƙandi, Sarki Ulugh Beg ya gina gidan duban taurari, masanansa suka tattara matsayin taurari 1,018. Shekaru ɗari uku bayansa, wani sarki a Indiya wanda ba Musulmi ba, Jai Singh na biyu, ya yi nazarin lissafin Samarƙandi, ya gina na'urori 19 na dutse a birnin Jaifur, aka gama su a 1734. Mafi girmansu agogon inuwa ne mai tsayin mita 27, wato kwatankwacin hasumiyar masallacin Agadas. Har yau baƙi na tururuwa can don kyan ginin, inuwar kuma ba ta daina faɗin lokaci ba.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Na farko zai ce ai duk wani abu da aka kafa a dandali gunki ne. A nan akwai buƙatar rarrabewa. Abin da malamanmu na Malikiyya suka haramta shi ne sassaƙa cikakkiyar siffar mai rai wadda take da inuwa, kamar mutum ko dabba. Itace da dutse da rana da wata ba su shiga wannan hukunci ba a wajen mafi yawan malamai, kuma ya inganta cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Bangon da aka tsaga don a hangi tauraro ta cikinsa ya ma fi wannan nisa daga shubuha, domin bai siffanta kowa ba.

Na biyu zai ce harkar taurari duba ce. Gaskiya ne akwai masu jingina arziki da tsiya da aure da mutuwa ga taurari, wannan kuwa ɓata ne bayyananne. Hadisin Hudaibiyya da ke cikin Muwaɗɗa ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya ce tauraro kaza ne ya kawo ruwa. Amma malamai sun bambanta ilimin da ke da'awar taurari na da tasiri a kan ƙaddara da ilimin da ke bin tafiyarsu don sanin lokaci da alƙibla da hanya. Na biyun halal ne, wani sashensa ma wajibi ne a samu masu saninsa a cikin al'umma. Alƙur'ani mai girma yana da surori masu sunan tauraro da wata da rana da burujai, kuma ya ambaci masaukan wata a matsayin hanyar sanin ƙidayar shekaru. Rashin koyar da halal ɗin a fili shi ne ya bar fagen a hannun 'yan duba, har yaro ya tashi yana zaton duk mai ambaton tauraro boka ne.

Na uku zai kawo maganar kuɗi, kuma wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi. Unguwar da ba ta da magudanar ruwa, makarantarta na yoyo, ina ita ina hasumiyar kallon taurari? Na yarda ba a fara ado kafin sutura. Na kuma yarda cewa ayyukan Voth da Holt suna da babban aibi ta wannan fuska: an kai su can cikin hamada, inda sai mai mota mai ƙarfi da guzuri ke isa, ta yadda galibin masu cin moriyarsu baƙi ne 'yan yawon buɗe ido. Aikin da aka ce na jama'a ne, amma jama'a ba sa iya kaiwa gare shi, sunansa bai cika ba. Sai dai amsar wannan ita ce a rage girman aikin a kawo shi cikin gari. Abin da ya ba bututun Yuta daraja saiti ne, saiti kuwa ilimi yake ci, ba siminti ba.

Yanzu mu dubi inda muke. Dandalolin biranen da muke zaune cike suke da alamomi, kuma da yawansu mutum-mutumi ne. Kowa ya bi ta shataletalen Deido a Duwala ya san dogon mutumin ƙarfen nan mai tsayin mita 12 da Joseph-Francis Sumégné ya haɗa da tarkacen ƙarafa a 1996. Al'ummomin da muke maƙwabtaka da su suna bayyana tarihinsu ta wannan hanya, wannan kuwa al'adarsu ce. Mu addininmu bai ba mu damar sassaƙa siffar magabatanmu ba, sai muka ja da baya daga fagen baki ɗaya. Sakamakon haka, unguwar da Hausawa suka shafe fiye da shekara ɗari a cikinta ba ta da wata alama a sarari da ke cewa ga abin da mutanen nan suka sani, in ban da masallaci da kasuwa da tukubar mai tsire. Baƙo ya san mu da fatauci da fawa, bai san cewa a zaurukanmu akwai masu lissafin tafiyar wata ba. Ba laifinsa ba ne, domin ba mu taɓa nuna masa ba.

Ga abin da nake ganin za mu iya. A farfajiyar babban masallaci, ko ƙofar fadar Sarkin Hausawa, ko harabar Islamiyya, a kafa ginshiƙi miƙaƙƙe a tsakiyar daɓe mai laushi, a zana layuka a ƙasa. Layi ɗaya daga kudu zuwa arewa zai nuna zawali, wato lokacin da rana ta gota tsakiya Azahar ta shiga. Wasu alamomin za su nuna inda inuwa ke kaiwa idan La'asar ta yi, lokacin da inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. Yaran da suka haddace wannan mas'ala a littattafan fiƙihu za su gan ta da idonsu. Da yake muna zaune kusa da tsakiyar duniya, akwai ranaku biyu a shekara da inuwar ginshiƙin za ta ɓace ƙarƙashinsa da tsakar rana: a Yawunde wajen ƙarshen Maris da tsakiyar Satumba, a Garwa wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. Mutanen Turai ba su taɓa ganin haka a ƙasashensu ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ɗakin Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A agogonmu wannan shi ne 10:18 da 10:27 na hantsi. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla, inuwar ginshiƙin kuma za ta kwanta a kan layin alƙibla ta bayansa. A sa wannan layi da farin dutse, a tara ɗalibai a waɗannan ranaku su shaida. A bayan farfajiyar kuma a ja katanga mai zankwaye, a bar tsagu uku ta gabas: mafitar rana a Yuni, mafitarta a Disamba, da gabas sak, inda ɗamarar Jauza'u ke ɓullowa. A zayyana sunayen masaukai 28 a jikinta da ajami da boko da Faransanci, domin maƙwabci ma ya karanta. Maginanmu da suka gaji zanen dagi a bango ba za su kasa wannan ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa, in ba haka ba aikin zai zama abin dariya. Awon ya kasance a hannun masana, malamin lissafi na zaure da malamin kimiyya na makarantar boko su zauna tare, domin layin da ya karkace ya fi rashin layi muni. A zaɓi wurin da dogayen benaye ba su tare gabas ba, a kuma yarda a kashe fitilun wurin na ɗan lokaci a dararen da ake koyarwa. A tanadi wanda zai kula da shi, domin ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Mutanen Jenne a Mali sun riƙe babban masallacinsu ne saboda duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi. A garuruwan kudu masu yawan ruwan sama, dutse da siminti sun fi dacewa. Uwa uba, a samu malami da zai riƙa zama wurin yana bayani. Ginshiƙin da ba mai fassara shi, nan da shekara biyu za a ɗaura masa igiyar shanya.

Kafin a tara ko sisi, akwai abin da kowane magidanci zai iya yi kyauta. Idan hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, a daren da hazo ya yi sauƙi, ya fita da 'ya'yansa bayan sallar Isha'i su nemi taurari uku da ke jere a layi ɗaya. Su ne ɗamarar Jauza'u, kuma a ƙasarmu kusan ta tsakar ka suke wucewa. Idan aka bi layinsu ta ɓangare ɗaya za a iske Shi'ira, tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda aka ambaci sunansa a Suratun Najmi. Idan aka bi ta ɗaya ɓangaren za a wuce kusa da jan Dabaran a isa ga Surayya, wadda iyayenmu ke kira kaza da 'ya'yanta. Dattawan da suka san sauran suna nan da ransu a unguwanninmu, amma suna raguwa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ina roƙon sarakunanmu da limamanmu da ƙungiyoyin matasa su sa wannan magana cikin abin da za su tattauna a zamansu na gaba.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya sa mu cikin masu tunani a kan halittarsa, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Wassalamu alaikum.